Filin Lafiya: Amsar Wasiƙunku a kan Ciwon Ƙugu Mai Daɗewa

Mafi yawan wasiƙun da suka iso wannan fili a watannin nan a kan ciwon ƙasan baya suke magana, daga cikin garin Maraɗi da garuruwan da ke kewaye da shi. Na zaɓi guda shida, na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a unguwar Sabon Gari, shekaruna 46. Kusan shekara biyu ke nan ƙuguna yana ciwo, wani lokaci ya lafa, wani lokaci ya taso har in kasa taka keke. An yi mini hoton radiyo, likita ya ce babu karaya, sai ƴar lalacewa irin ta shekaru. Abokaina sun ce in bar aiki in kwanta a ƙasa wata guda, na kuma sayi ɗamarar baya ina ɗaurawa kullum. Shin in tara kuɗi in tafi Yamai a yi mini babban hoto, ko akwai abin da zan iya yi a nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ba ka lafiya. Zan tsawaita a kan wasiƙarka, domin abin da zan faɗa maka ya shafi kusan duk waɗanda suka rubuto.

Idan ciwon baya ya wuce mako 12, wato wata uku, likitoci suna sanya shi cikin mai daɗewa, naka kuwa ya wuce haka nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, ana kuma tsammanin adadin zai kai miliyan 843 a shekarar 2050, kuma babu wata cuta da ta kai shi hana mutane aiki a faɗin duniya. Abin da ya fi dacewa ka riƙe shi ne, a kusan kashi 90 cikin 100 na masu wannan ciwo ba a samun wani ƙashi ko wata jijiya guda da za a nuna a ce ita ce sanadi. Ƙasan baya ƙasusuwa biyar ne a jere, tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi mai taushi, ga ƙananan gaɓoɓi, ga tsoka da jijiyoyi da suka ɗaure su, kuma kowanne daga cikinsu yana iya yin tsami idan an gajiyar da shi. Idan ciwon ya daɗe, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa sukan ƙara saurin ji, har motsin da a da bai isa ya dame ka ba ya koma yana yi maka zafi, rashin barci da damuwa da fargaba kuma suna ƙara wa abin ƙarfi. Ciwon da kake ji gaskiya ne, amma zafinsa ba shaida ba ce cewa bayanka yana ci gaba da lalacewa.

Game da lalacewar da aka gani a hotonka, a shekarar 2015 masana sun tattara hotunan bayan mutum fiye da 3,000 waɗanda ba su jin ciwon komai, sai suka tarar da irin wannan lalacewa ta faifan guringuntsi a kashi 37 cikin 100 na masu shekara 20, kashi 68 na masu shekara 40, kashi 80 na masu shekara 50, da kashi 96 na masu shekara 80. Abu ne da ke zuwa da shekaru kamar furfura, kuma mafi yawan sa'o'inka da ke zaune lafiya suna ɗauke da shi ba su sani ba. Saboda haka, matuƙar ba ka da ko ɗaya daga cikin alamomin haɗari da zan ambata a amsa ta huɗu, a ganina kuɗin mota da na masauki da na babban hoto ba za su sayo maka sauƙi ba. Sau da yawa ma mutum yakan dawo da takarda mai ɗauke da kalmomi masu ban tsoro, ya ƙara ƙin motsi, ciwon ya ƙaru.

Shawarar kwanciya wata guda ita ce wadda na fi so ka yi watsi da ita, ko da yake na san abokanka da kyakkyawar niyya suka ba ka. Ranar da ciwon ya taso da ƙarfi, hutun kwana ɗaya ko biyu ba laifi ba ne, amma abin da ya wuce haka yana sa tsokar da ke riƙe da baya ta saki, gaɓoɓi su sandare, mutum ya tashi ya fi yadda ya kwanta rauni, ga kuma bashin da zai taru saboda rufe shago. Kwanciya a ƙasa mai tauri ma ba magani ba ce. Wani gwaji da aka yi a ƙasar Sipaniya a shekarar 2003 ya nuna cewa masu ciwon baya mai daɗewa sun fi samun sauƙi a kan katifa mai matsakaicin tauri fiye da mai tauri ƙwarai. Idan katifarka ta lotsa a tsakiya, ka gyara ta ko ka sauya, idan kuma kana kwanciya a gefe, ka sa matashi tsakanin gwiwoyinka. Ita kuwa ɗamara, a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta farko a kan irin ciwonka, ta kuma sanya ɗamarar baya da jan baya da na'ura da ƙwayoyi dangin tramol cikin abubuwan da ba ta ba da shawarar a yi amfani da su ba. Abubuwan da ta goyi baya su ne fahimtar da mai ciwo, da motsa jiki mai tsari, da tausa, da taimakon masana halayyar ɗan Adam ga wanda tsoro da damuwa suka yi wa yawa, da magungunan rage zafi na ɗan lokaci. Ka fara cire ɗamarar na wasu sa'o'i kowace rana har ka rabu da ita.

Abin da zan ɗora ka a kai shi ne tafiya da ƙafa. A shekarar 2024 an wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a Ostareliya da mutum 701 da suka farfaɗo daga ciwon baya. Waɗanda aka tsara wa tafiya a kai a kai tare da bayani sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya dawo musu, sauran kuwa kwana 112. Ka fara da minti 10 bayan sallar Asuba ko da yamma idan rana ta yi sanyi, ka riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan kowane mako har ka kai minti 30, kwana biyar a mako. Idan ka ji ɗan tsami yayin tafiyar ya kuma lafa kafin washegari, ka ci gaba. Idan washegari ka tashi ciwon ya fi na jiya, ka rage tsawon tafiyar, amma kada ka daina.

Ka haɗa da motsi a kan tabarma, safe da dare. Ka kwanta rigingine, ka lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa yana ƙasa, ka ɗaga ƙugunka sama har cinya da ciki su miƙe, ka ƙirga biyar, ka sauke a hankali, ka maimaita sau 10. Daga nan ka jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji da hannuwanka biyu, ka riƙe ta na tsawon numfashi biyar, ka sauya ɗayar. Sai ka juya ka durƙusa a kan gwiwoyi da tafukan hannu, ka tura bayanka sama ka sunkuyar da kai, sannan ka sake shi ya lotsa ka ɗaga kai. Idan ka saba da waɗannan, a wannan durƙuson ka miƙa hannun dama gaba da ƙafar hagu baya a lokaci guda, ba tare da ƙugu ya karkace ba, sannan ka sauya. Duka ba su wuce minti 10 ba. Idan da hali, ka roƙi likitanka ya tura ka wurin kine, wato ma'aikacin lafiya mai gashi da motsa gaɓoɓi, ya duba yadda kake yi ya gyara maka ko da sau biyu ko uku ne.

A shago kuma, babban abin da ke cutar da tela shi ne daɗewa a zaune wuri guda, fiye da yanayin zaman kansa. Ka miƙe duk bayan rabin sa'a, ka dafa ƙugu da hannuwa biyu ka ɗan gantsare, ka taka zuwa bakin ƙofa ka dawo. Ka naɗe tawul ka sa a bayan ƙugu idan kujerarka tana da majingina, ka taka keke da ƙafa biyu, teburin yanka da na guga kuma ka ɗaga su da bulo har su kai tsayin ƙugunka don ka daina sunkuyo. Na san idan Salla ta gabato teloli kwana suke yi a kan keke, kuma a nan ne ciwon mutane da yawa yake tasowa, don haka ka ƙayyade ɗinkin da za ka karɓa tun da wuri. Kada ka yanke hukunci a kan wannan tsari kafin mako 6 zuwa 12, domin sauƙinsa sannu a hankali yake zuwa, kuma ko bayan ka samu sauƙi ciwon zai iya leƙowa jefi jefi ba tare da wani sabon abu ya lalace ba.

Tambaya: Ni ɗan dako ne a babbar kasuwa, shekaruna 29, buhunan gero da na aya nake saukewa. Bayana ya fi shekara yana ciwo. Kullum da safe ina shan tramol biyu, da rana in sayi diklofenak a wurin mai tebur, wani lokaci a yi mini allura. Yanzu cikina yana zafi, kuma ranar da ban sha tramol ba sai hamma da zufa da ciwon jiki duka. Ina da iyali, ba zan iya barin aiki ba.

Amsa: Ƙanena, na gode da ka faɗi gaskiya, kuma ba zan ce ka bar aikin da kake ciyar da iyalinka da shi ba. Amma a halin da kake ciki magungunan sun fi ciwon bayan haɗari.

Iyakar tramol da likita yake rubuta wa babban mutum ita ce miligiram 400 a yini, a rarrabe, ƙwayoyin da ake sayarwa a ɓoye kuwa da yawansu miligiram 200 ne ko 225, ka ga guda biyu a lokaci ɗaya sun kai iyakar ko sun wuce ta. A irin wannan adadi yana iya jefa mutum cikin farfaɗiya ko ya danne masa numfashi. Hamma da zufa da ciwon jikin da kake ji ranar da ba ka sha ba alama ce cewa jikinka ya riga ya dogara da shi. Wannan larura ce da ake magancewa, kada kunya ta hana ka zuwa asibiti. Kada kuma ka yanke shi rana ɗaya, ka je ka gaya wa likita adadin da kake sha ba tare da ragi ba, ya tsara maka yadda za a riƙa rage shi mako bayan mako. Ka sani kuma cewa daɗewa ana shan irin wannan ƙwaya yana iya ƙara wa jiki saurin jin zafi, ga shi tana rufe maka gajiya har ka ɗauki kayan da jikinka da kansa zai hana ka ɗauka.

Zafin cikin kuwa, mai yiwuwa diklofenak ne ya jawo shi. Shi da ibuprofen dangi ɗaya ne, suna rage ciwon baya, amma suna cin bangon ciki, suna hawar da jini, suna kuma wahalar da ƙoda, musamman ga mai aikin ƙarfi a zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40 jiki kuma yana zubar da ruwa. Ka dakatar da shi yanzu har likita ya duba ka. Idan ka ga bayan gidanka ya yi baƙi ko ka yi aman jini, a ranar za ka je asibiti. Ga sauran masu karatu, irin waɗannan magunguna bayan cin abinci ake shan su, na ƴan kwanaki kawai idan ciwo ya taso, ba a kuma haɗa biyu daga cikinsu a lokaci guda. Ku kiyayi ƙullin ƙwayoyin da ake haɗawa a leda babu suna, domin akan samu deksametazon a ciki, wanda idan aka daɗe ana sha yake kumbura fuska, ya tayar da sukari, ya raunana ƙashi. Allura ba ta fi ƙwaya ƙarfi ba, idan kuma wanda bai iya ba ya yi ta a ɗuwawu, tana iya taɓa babbar jijiyar ƙafa. Parasitamol ya fi sauƙi ga ciki, sai dai shi kaɗai amfaninsa kaɗan ne a ciwon baya, kuma kada a wuce ƙwaya 6 masu miligiram 500 a yini ba da izinin likita ba. Gashi da tsumma mai ɗumi na minti 15 zuwa 20 bayan an tashi aiki yana sassauta tsoka, ba ya kuma cutar da ciki.

Sai maganar kaya. Tun shekarar 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada nauyin da namiji baligi ɗaya zai ɗauka ya wuce kilo 55, buhun geron da ke sauka a kasuwanninmu kuwa yakan kai kilo 100. Duk inda baro ko amalanke za ta shiga, ka yi amfani da ita, babban buhu kuma ku kama shi ku biyu. Idan za ka ɗaga, ka matso da kayan jikinka, ka buɗe ƙafafu, kada ka murɗa ƙugu kaya yana kanka, ka juya da ƙafafunka gaba ɗaya. Ina kuma kira ga ƴan kasuwa da shugabannin ƴan dako da su duba batun raba manyan buhuna, domin saurayin da ya fara shan tramol don ya iya sauke mota guda shi kaɗai, nauyin kayan ne ya fara tura shi.

Tambaya: Ni matar aure ce a Madarunfa, haihuwata biyar, yanzu ina goyon ɗan wata takwas. Tun cikin na huɗu ƙuguna bai daina ciwo ba, ya fi tsanani idan na yi daka ko na jawo ruwa. Mata suna ce mini sanyi ne, na sha maganin sanyi iri iri ban ga sauƙi ba.

Amsa: Ƴar'uwa, sannu da ɗawainiya. Idan akwai ruwa mai wari ko mai ƙaiƙayi da ke fita, ko zafin fitsari, ko ciwon mara da zazzaɓi, to ki je asibitin da ke kusa da ke a duba ki, domin ƙwayoyin cuta a mahaifa ko a mafitsara suna sa ciwon ƙugu, wani lokaci kuma sai an yi wa miji da mata magani tare. Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ciwon kuma da aiki yake tashi ya lafa da hutu, to ba sanyi ba ne, kuma shan kafso ba bisa ƙa'ida ba ba zai taɓa shi ba, sai dai ya sa maganin ya ƙi yi miki aiki ranar da kike bukatarsa.

Ciki yana miƙar da tsokar ciki ya kuma sassauta jijiyoyin da suka ɗaure ƙashin ƙugu, idan wani cikin ya biyo baya kafin su koma daidai, sai nauyin duka ya koma kan baya. Shi ya sa ake ba da shawarar tazarar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki, kuma wannan magana ce da ya kamata ku yi ke da maigidanki da ungozomar asibiti. Motsin tabarma da na bayyana wa tela ya dace da ke, ki ƙara da matse tsokar da kike riƙe fitsari da ita, ki ƙirga biyar ki saki, sau 10, sau uku a yini.

A aikin gida, sunkuyo mai tsawo ne ya fi cin bayan mata. Ki ɗaura wa tsintsiya sanda ki yi shara a tsaye, ki ɗora bahon wanki a kan benci ko ki zauna a kujera ƴar tsugunno, ki raba daka kashi biyu ko ki kai inji ranar da ciwon ya taso. Jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, gara ki yi sawu biyu da rabi rabi. Goyo kuma ki ɗaure shi sama, ya manne da bayanki, kada ya zazzago kan ƙugu. Mai shayarwa tana iya shan parasitamol ko ibuprofen na ƴan kwanaki, amma idan kina zaton kin samu ciki, ki bar ibuprofen da diklofenak sai da izinin likita. Ga maigida kuma, idan wannan shafi ya kai gare shi: kuɗin niƙa da na mai kawo ruwa suna cikin kuɗin magani.

Tambaya: Mahaifina yana da shekara 62, yana zaune a wani ƙauye kusa da Gidan Rumji. Wata huɗu ke nan bayansa yana ciwo, ya fi tsanani da dare, yana zufa yana zazzaɓi, ya rame, wani ƙashi ya turo a tsakiyar bayansa, yanzu kuma ƙafafunsa sun fara nauyi. Ƴan'uwa suna so a kira maɗori.

Amsa: Ɗan'uwa, ka kawo Baba babban asibiti a Maraɗi ba tare da jinkiri ba, kada kuma a bari kowa ya danna ko ya ja wannan baya. Duk abin da na faɗa a sama game da haƙuri da motsa jiki bai shafe shi ba. Abin da ka bayyana ya yi kama da tarin fuka da ya kama ƙashin baya, cutar da ke cin ƙashi har ya rufta ya danne laka, kuma tana iya kama mutum ko da ba ya tari. Akwai wasu cututtukan da ke zuwa da irin wannan kama, kamar ciwon daji da ya bazu zuwa ƙashi, ko cutar da ake ɗauka daga ɗanyen nonon da ba a tafasa ba, kuma gwaji ne zai bambance su. A nan hoto wajibi ne. Idan tarin fuka ne, yana warkewa da magani, sai dai na ƙashi yakan ɗauki wata 9 zuwa 12 ana sha ba fashi, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon damar da ƙafafunsa ke da ita ta dawowa.

Sauran alamomin da ba a jira da su ga duk mai ciwon baya su ne kasa yin fitsari ko zubarsa ba da sani ba, kasa riƙe bayan gida, mutuwar fata a tsakanin cinyoyi da wajen zama, da raunin ƙafa da ke ƙaruwa. Waɗannan ko da tsakar dare suka bayyana a tafi asibiti, domin jinkirin kwana ɗaya yana iya barin naƙasa ta dindindin. Haka nan ciwon da ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin babur, da ciwon gefe guda mai tafe da jini a fitsari, da ciwon baya ga mai amosanin jini, duka likita ne zai fara ganinsu.

Tambaya: Ni direba ne a hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. Mako biyar ke nan ciwo yana sauka daga ƙuguna ta bayan cinya har ɗan yatsan ƙafa, kamar ana jan waya mai zafi. An ce sai an yi mini aiki.

Amsa: Malam, wannan alama ce ta faifan guringuntsi da ya turo ya taɓa saiwar jijiyar da ke sauka ƙafa, galibi a gaɓoɓi biyu na can ƙasa. Mafi yawan masu irin wannan suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba, domin jiki da kansa yakan tsotse abin da ya turo. Ana maganar aiki ne idan ƙafa tana rauni, misali ka kasa ɗaga tafinta ko tsayuwa a kan yatsu, ko alamomin fitsari da na ambata sun bayyana, ko kuma ciwon ƙafar ya ƙi sauƙi bayan wata biyu zuwa uku na magani. Kafin nan ka ci gaba da tafiya gwargwadon iko, ka cire walat daga aljihun baya, ka matso da kujera yadda ba sai ka miƙe ƙafa sosai ba kafin ka taka kuloci, ka kuma sauka ka taka duk inda ka tsaya a hanya. Ƙafar da ta yi nauyi ko ta mutu ba a tuƙi da ita, haka wanda ya sha maganin da ke sa barci, saboda rayukan fasinja.

Tambaya: Ni malamin makaranta ne mai ritaya a Tibiri, shekaruna 67. Likita ya duba ni ya ce babu abin tsoro. Wasu sun ce basir ne, wasu sun ce in yi ƙaho. Abin da ya fi damuna shi ne ruku'u da tasowa daga sujada.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Basir kumburin jijiyoyin jini ne a dubura, yana sa jini ko zafi wajen bayan gida, amma ba shi ne ke riƙe ƙugu shekara da shekaru ba, kuma jiƙe-jiƙen da ke sa gudawa suna ƙarar da ruwan jikin dattijo su wahalar da ƙodarsa. Ƙaho yana iya kawo sauƙi na ɗan lokaci, haka ma tausa, kuma ba na hana wanda ya so yi, da sharaɗin aska ta zama sabuwa wadda aka buɗe a gabanka, kayan kuma a tsabtace su, saboda ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini. Mai ciwon sukari da mai ƙarancin jini da mai shan maganin tsinka jini su tambayi likita tukuna. Sakiya da ƙarfe mai zafi da taka baya da ƙafa kuwa, ban yarda da su ga kowa ba, balle ga wanda ƙashinsa ya manyanta.

Game da salla, Buhari ya ruwaito cewa Imrana ɗan Husaini, Allah ya yarda da shi, yana fama da rashin lafiya ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya umarce shi da ya yi salla a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kan gefensa. Malaman unguwarku za su fayyace maka hukuncin dalla dalla. Ta fuskar lafiya, shawarata ita ce kada ka koma kujera gaba ɗaya matuƙar kana iya tsayuwa, domin tsayuwar da sunkuyon suna cikin motsin da bayanka yake bukata. A ruku'u ka ɗan sassauta gwiwoyi ka dafa su sosai don hannuwa su ɗauki wani ɓangare na nauyin, wajen tasowa daga sujada kuma ka dogara da tafukan hannu, ka fara kafa ƙafa ɗaya sannan ɗayar. Baya ya fi sandarewa da asuba, don haka ka tashi da ɗan lokaci, ka yi alwala da ruwan ɗumi a lokacin hunturu, ka zagaya tsakar gida na minti biyar kafin ka fita masallaci, kujerar kuma ka ajiye ta kusa don ranar da ciwon ya taso.